Nema wa Mabel Miji

Yayata Noreen Clegg ɓerayenta kashi biyu ne, kuma ba wanda bai san haka ba a layinmu. Akwai na cikin gida masu suna, waɗanda ke zaune a wani dogon keji mai hawa-hawa a falo, da yamma a buɗe musu su hau kafaɗarta tana kallon talabijin. Akwai kuma na ɗakin katakon da ke bayan gida, waɗanda take kiwo don su zama abincin macizai. Ni ce ƙanwarta Audrey. Gida ɗaya ne tsakanin nawa da nata, kuma tun ina yarinya ba na shiri da duk wata halitta mai jela tsirara. In na shiga falon Yaya, jakata a kan cinya take zama har in tashi.

Ita kuwa da son su aka haife ta. Tana 'yar firamare ta shigo da na farko gida a hannun rigar sanyinta, ya daɗe yana kwana a akwatin safa kafin mahaifiyarmu ta gano. Ranar an ji ihu har bakin masaƙar auduga, amma ɓeran bai bar gidan ba, don Noreen ta ce in zai fita tare za su fita. Da ta girma ta kama aiki a kicin ɗin wata makaranta tana dafa wa yara abincin rana, a nan ta tsaya har ta yi ritaya, kuma duk lokacin da ya rage mata ɓeraye ta ba. Ta fitar da wani dangi nata na kanta, masu launin toka mai shuɗi-shuɗi kamar rufin gidajenmu in ruwa ya jiƙa shi, masu sanyin hali, ba sa cizo ko an matse su. Sama da shekara talatin tana haɗa uwa da uba, tana zaɓe, tana jira. Ita da ƙawayenta ne suka kafa ƙungiyar masu kiwon ɓerayen ado ta yankinmu. Ranar gasa sukan cika zauren coci, kowa ya jera akwatunan robarsa a kan tebur, kowane akwati da ɗan yankan kokwamba a ciki, alƙali cikin farar riga yana ɗagawa yana duba kunne da jela. Jajayen ƙyallayen da ake ba wanda ya zo na ɗaya sun cika bangon kicin ɗinta har sun rufe kalanda.

Sai Allah ya haɗa ta da Clifford, direban bas, wanda shi kuma macizai ne farin cikinsa. A wurin biki ba irin tsiyar da ba a yi musu ba. Wani kawunmu ya ce an ɗaura auren kura da akuya, sai dai ba a san wace ce kurar ba. Suka ba kowa kunya, suka zauna lafiya. Macizan suna ɗakin sama cikin akwatunan gilashi masu fitila, ɓerayen suna ƙasa, ba mai ganin wani. Clifford yana sayen daskararrun ɓeraye daga wani dillali, a kawo masa a kwali, ya zuba a wata 'yar firiza daban, kuma sun yi da Noreen ba za ta riƙa buɗe ta ba.

Wata rana mura ta kwantar da shi, ga mesarsa tana jiran abinci, dole Noreen ta ɗauko ɗaya ta sa a ruwan ɗumi. Da ƙanƙarar ta sake shi sai ta juya shi a tafin hannu yadda take juya nata. Haƙarƙari a waje, tafin ƙafa duk gyambo saboda tsayuwa cikin fitsari, rabin jela babu. Ta ɗauko na biyu, shi ma haka. Ta hau sama da su a faranti ta ajiye wa Clifford a kan bargo, yana ta atishawa, ta ce masa ta san maciji ba ya cin kabeji, kuma ba ta ce ya ci ba, amma abin da zai mutu don wani ya rayu bai kamata ya yi irin wannan zaman ba. Kafin sanyin shekarar ya shigo an kafa ɗakin katako a bayan gida.

Na shiga ɗakin nan sau da yawa ina toshe hanci don neman magana, amma gaskiya ba wari, ya ma fi ɗakin jikokina tsabta. Akwai abin ɗumama ɗaki, akwai rediyo a kunne ƙasa-ƙasa don kada ƙarar waje ta riƙa firgita su. Abincin da na falo ke ci shi suke ci, har da dafaffen ƙwai ga masu jego. Takan je shagon kafet ta roƙo bututun kwali ta yanka musu su riƙa shiga suna fita. Uwa in ta yaye, sai ta huta sosai kafin a sake kai mata namiji. Kafin Noreen ta shiga takan sa tsohuwar rigar aikin Clifford da takalmin roba, in ta fito ta tuɓe ta wanke hannu har gwiwa, don kada cuta ta bi ta daga wannan ɓangare zuwa wancan. Na baya ba sa shiga gida, na gida ba sa zuwa baya. In ranar kisa ta zo, da hannunta take yi, ta hanyar da likitan dabbobi ya koya mata wadda ba ta jan lokaci, kuma ba ta taɓa sa wani ya yi mata ba, ko da Clifford. Takan rufe ƙofa, in ta gama ta dawo kicin ta haɗa shayi ta zauna. Wanda ya san ta ba ya yi mata magana sai ta shanye kofin.

Ba ta sayar da mai rai. Wani ya taɓa zuwa yana son mai rai, wai yana so ya ɗauki hoton yadda macijinsa ke kamu. Noreen ta rako shi har bakin titi tana wanke shi tas, ita da ko kare ba ta yi wa tsawa. Da Clifford ya rasu aka rarraba macizansa, na ɗauka za ta rufe ɗakin. Ta ce macizan mutane ba su mutu tare da shi ba, in ta rufe, wurin dillalin nan masu su za su koma.

Inda ta yi sake, kuma na sha gaya mata, shi ne ba ta taɓa faɗa wa 'yan ƙungiya ba. Ba ta yi musu ƙarya ba, amma ba ta faɗa ba, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wata rana wata 'yar ƙungiya ta raka ɗanta kasuwar masu macizai, ta hango Noreen a bayan tebur da akwatunan ƙanƙara, ta ɗauki hoto. Kafin sati ya zagayo an kira taro. Shugabar ƙungiya a lokacin Hilary Ramsden ce, wadda Noreen ta ba ɓerayenta na farko kyauta, ta koya mata yadda ake riƙe su. Suka yanke cewa duk mai kiwo don abinci ba ya cikinsu, ba a sayar masa, ba a ba shi aro. Abu ɗaya Noreen ta roƙe su, su zo su ga ɗakin da idonsu sannan su yanke hukunci. Ko mutum ɗaya bai zo ba. Sai ma magana ta fara yawo cewa ɓerayen gidan da ba ta samu mai karɓa ba a firiza take zuba su. Wannan ce ta fi ƙona mata rai, ni kuma ta sa na daina gaisa da rabin matan da na yi shekaru ina gyara wa gashi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Korar ba ita ta fi yi mata illa ba. Mai riƙe da dangi dole lokaci-lokaci ya ari namiji daga wani gida, in ba haka ba jini ya yi kusa da yawa, haihuwa ta ragu, 'ya'yan su zo raunana. A da waya ɗaya za ta buga a kawo mata har ƙofa. Yanzu duk inda ta kira, ko da nesa ne, labari ya riga ta isa. Ɓera kuma ba ya daɗewa a duniya, shekara biyu ko uku ya tafi. Haka dangin ya yi ta ƙanƙancewa, har ya rage mace ɗaya tak da za ta iya haihuwa, sunanta Mabel, mazan da suka rage kuwa 'yan'uwanta ne da tsofaffin kawunnanta. Ga shi macen ɓera in ta kai shekara ba ta taɓa haihuwa ba, haihuwar fari na iya tafiya da ita, mai tausayi ba ya gwadawa. Lokacin da ganye ya fara zuba a shekarar da abin ya kai haka, Mabel ta kusa wata takwas. In sanyi ya wuce ba a samo mata miji ba, aikin shekara talatin ya ƙare a kejin falo. Noreen ba ta kuka a gaban mutane, amma nakan shigo in tarar da ita a bakin taga da Mabel a hannu, shayinta ya huce ba ta sha ba.

Wata Lahadi muna cin abincin rana a gidanta, ana ruwa, sai muka ji ƙwanƙwasa a ƙofar baya, ta lungun da ake ajiye kwandunan shara. Hilary ce, jiƙe sharkaf, rungume da kwalin takalmi. A ciki akwai gorar ruwan zafi naɗe da tawul, da ɗan burushin zane, da jarirai ɓeraye jajir ba gashi, ko kaurin ɗan yatsa ba su kai ba. Macen ɓeran da ta fi ji da ita ce ta haihu ta mutu washegari. Ta yi ta ɗiga musu madara da burushi, biyu sun riga sun tafi. Ta kira duk 'yan ƙungiya, ba mai uwa mai shayarwa, don su sau ɗaya ko biyu suke haɗa aure a shekara. Mutum ɗaya ce a duk yankin da ba ta rabuwa da mai jego, wato Noreen, kuma da rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

"Noreen," in ji Hilary, "na san ba ni da bakin magana."

"To kar ki wahalar da shi," na ce mata. "Ƙofar da kika shigo ba a rufe ta ba tukuna."

Yaya ba ta ko dube ni ba, ta ce in ɗora ruwan shayi. Ta karɓi kwalin, ta ɗauki jariri ɗaya ta juya cikinsa wajen haske. Fatarsu shara-shara ce, wanda ya ƙoshi ana ganin farin layin nono a cikinsa. Wannan ba komai. Ta ce in aka kai yamma a haka ba wanda zai ga gobe.

Na jawo ta kicin na tura ƙofa. "Yaya, ga dama ta kawo kanta har gida. Matar nan tana da maza irin launin naki, lafiyayyu, suna kwance suna cin banza. Ki ce mata uwa a bakin miji. Ba miji, ba nono."

"Da jarirai zan yi ciniki?"

"Da Hilary za ki yi."

"Ba Hilary ce ke jin yunwa ba," ta ce, ta buɗe ƙofa ta fita.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma bai huce ba sai ga wata sabuwa. Jariran waje ba za su shiga ɗakin baya ba, don ba a san me suka kwaso ba, kuma ba za su shiga falo kusa da Mabel ba. Sai an sami wuri na uku mai iskarsa daban. Noreen ta juyo ta zuba mini ido. Na ce mata ko a mafarki. Ta ce ɗakin ɗinkina yana da ɗumi, kuma rabon da in taɓa keken tun bikin 'yata. Na ce ta san ni da jela. Ta ce ai ba cewa ta yi in sa ta a gadona ba.

Ta sa rigar Clifford ta shiga ɗakin baya, ta fito da wata farar macen ɓera mai jan ido, ba suna, wadda ta haihu kusan lokaci ɗaya da ta Hilary. Haihuwarta da yawa, kuma bakin nono goma sha biyu ne ga ɓera, ba za ta iya ɗaukar nata duka da na wasu ba. Uku kawai Noreen ta ɗauko daga cikin nata. Muna tsallakawa gidana cikin ruwa Hilary ta leƙa akwatin, ta tambaya ina sauran.

"Kin san inda za su," in ji Noreen. "Can za su dama, yau ko gobe. Na dai matso da ranar ne saboda naki."

Hilary ta zauna a kan matakalar benena, takalmi a ƙafa, tana ɗigar da ruwa a kan kafet.

Ni na tsaya a bakin ƙofar ɗakin ina kallo. Noreen ta cire uwar ta sa ta a wani akwati daban da rabin ƙwai don ta shagala. Ta ɗebi jiƙaƙƙiyar shimfiɗar sheƙar, ta goge kowane baƙon jariri da ita daga kai har jela, ta cusa su tsakanin 'ya'yan gida ukun, ta rufe su, ta jira har ɗuminsu da warinsu suka gauraya. Ta ce uwa ba ta ƙirga, shinshina take yi, in ta ji baƙo tana iya kashe shi nan take, har ta haɗa da nata. Sannan ta mayar da ita, ta lulluɓe kejin da tawul, ta kore mu duka ƙasa, don ba a tsaya wa mai jego a ka. Muka zauna mu uku a kicin ɗina, na yanka biredi ba wanda ya ci. Da yamma ta yi Noreen ta hau ita kaɗai. Ta daɗe, sannan ta leƙo ta ce mu zo a hankali. Farar tana kwance ta baje, duk suna ƙarƙashinta suna tsotso. Noreen ta zaro ɗaya ta juya shi, ga farin layi nan ya ratsa cikinsa. Hilary ta rufe fuska da hannu biyu, ni kuma na ce zan je in duba ko na kashe murhu.

Haka na wayi gari da ɓeraye a gidana. Da farko da cokali mai dogon hannu nake tura mata abinci. Amma duk wanda ya ga yadda uwar nan ke kwaso 'ya'yan da ba nata ba ɗaya bayan ɗaya ta mayar da su sheƙa, tana wanke su, tana ramewa suna ƙiba, dole ya girmama ta. Wata safiya na ji kaina ina ce mata, "Peggy, ga ƙwanki." Noreen tana bayana. Ta ce tunda na sa mata suna ta zama tawa, dama wadda ta haɗu da na waje ba ta komawa ɗakin baya, ita da 'ya'yanta. Na ce an yi mini wayo. Ta ce ƙwarai kuwa.

'Ya'yan Peggy mata biyu ne da namiji ɗaya. Namijin na sa masa Stanley. Fari ne tas, ƙato, malalaci, na Hilary suna hawa kansa suna jan kunnensa ko a jikinsa. Da ya ɗan tasa sai ya gano aljihun rigar girkina, ya mayar da shi ɗakin kwana. Ban ce na daina ƙyamar jela ba, na dai daina kallon ta.

Da lokacin yaye ya yi Hilary ta zo, ta lungun baya kamar wancan karon, da kek da furanni. Duk jariranta sun rayu, sun yi ɓul-ɓul, launinsu ya fito gwanin kyau. Ta yi godiya har da hawaye, sannan ta sunkuyar da kai ta ce tana roƙon abin ya tsaya tsakaninmu, don 'yan ƙungiya ba za su gane ba. Noreen ta ce ba komai. Duk yankin an san halin da Mabel ke ciki, Hilary ma ta sani, amma Yaya ba ta roƙa ba, ita kuma ba ta yi tayi ba. Ni na kasa haƙuri na tambayi Hilary, Mabel fa? Ta ce doka ce, kuma ita ta jagoranci yin ta, in ta karya da wane ido za ta dubi mutane, amma za ta yi tunani. Ta kwashi 'ya'yanta ta tafi. Furannin na zuba a shara. Kek ɗin dai na ci, don ba shi ya yi laifi ba.

Sanyi ya kankama, aka fara rataya fitilun Kirsimeti a tituna, ba labarin Hilary. Noreen takan shigo kullum ta duba Peggy. Wata rana da la'asar ta zaro Stanley daga aljihuna, ta zauna da shi kusa da taga. Ta buɗe bakinsa ta duba haƙora, ta shafa bayansa har jela, ta kwantar da shi rigingine a tafin hannu bai ko motsa ba. Sannan ta kara shi a kunne kamar waya, yadda masu kiwo ke yi don su ji ƙirji. Ta daɗe tana saurare. Ta ce rabon da ta ji ƙirji mai tsabta irin wannan a falonta an yi shekaru.

Na ce, "Yaya, me kike saƙawa?"

"Audrey, na gaji da gaya wa mutane cewa na baya da na gida duk ɗaya ne a wurina. A kan haka aka kore ni. Amma da Mabel ta rasa miji, na buga waya har Scotland ina roƙon mutanen da ba su san ni ba, ban taɓa leƙa bayan gidana ba."

Na ce to ai shi ke nan, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ta ce ba haka sauƙin yake ba. Ba mai karɓar 'ya'yan a matsayin masu asali, ba za su taɓa hawa teburin gasa ba, launin ma ba lallai ya fito ba. Duk wannan ta ce ta yafe. Abin da ya hana ta tun farko daban ne, sannan ta faɗa mini shi.

"In na shigo da shi falo, gobe in na sa riga na shiga ɗakin baya, surukan Mabel zan tarar."

"Za ki iya?"

"Zan iya. Zai dai fi ciwo. Wataƙila haka ya kamata ya riƙa yi tun farko."

Na san yayata tun ina rarrafe, na ga ta binne miji, na ga ta fito daga zauren cocin nan ranar da aka kore ta kanta a sama, amma ban taɓa alfahari da ita kamar ranar ba. Ban gaya mata ba, don ba mu saba ba. Na dai ce tunda ni ce uwar ango, ni zan kai shi da kaina. Ta sa muka jira ya ƙara girma, likita ya duba shi, sannan na ɗauke shi a aljihu na tsallaka gida ɗayan nan da ke tsakaninmu. Mabel ta kai masa mari biyu a daren farko, ya kwanta ya ba ta haƙuri, kafin gari ya waye sun shirya.

Kwanakin cikin nan Noreen ba ta yi barcin kirki ba, don Mabel ta kai bakin iyaka. Amma ta sauka lafiya, da safe, ba wanda ya taimaka mata, kuma sheƙar ta cika maƙil yadda ba a gani ba a falon nan tun kafin kora. Da gashi ya fara fito musu na leƙa. Ko ɗaya babu mai launin toka. Duk ruwan ƙasa ne, sak ɓeran kwata, irin wanda ake kiran ma'aikatan tsabta a kai. Na ce mun shiga uku, Stanley ya ɓata mana zuri'a. Noreen ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce shuɗin yana nan a ɓoye cikin jininsu, a jikoki zai fito, in ma bai fito ba in sa hannu in gani. Na sa hannu, suka hau tafina suka kwanta, ba mai tsoro ba mai cizo, halin gidan ne ba abin da ya ragu.

Suna cikin wannan ƙuruciyar ne wayar kicin ta yi ƙara wata rana muna wanke-wanke. Hilary ce. Noreen ta matso da ni ina ji. Hilary ta ce ta yi tunani, abin ya hana ta sukuni, za ta ba da aron namiji ɗaya, in dai za a yi a ɓoye, a haɗu a wurin ajiye motoci na babban kanti, a dawo mata da shi kafin ƙarshen mako. Na buɗe baki, Yaya ta ɗaga mini hannu mai kumfa.

"Na gode, Hilary, har cikin raina," ta ce. "Amma mun riga mun yi tuwona maina. Mabel ta haihu, duk suna lafiya."

Hilary ta tambaya wa ya ba ta namiji.

"Ba wanda ya ba ni, nawa ne. Kin ma san shi. Nono ɗaya suka sha da naki."

Yaya ta ajiye wayar. Na karɓi farantin da ke gabanta na ce ta je ta zauna. Ba ta zauna ba. Ta share ido da bayan hannu, ta ɗauko tukunya ta ɗora ƙwai, ta ce akwai masu jego a falo, akwai a baya, duk suna jira.